Tarin Inna da Gashin Zabuwa

Ni mutum ce mai mantuwa, kowa a gidanmu ya shaida. Sai in yi ta neman ludayi alhali yana hannuna. Amma akwai abu ɗaya da ko tsufa ya kwashe min komai ba na jin zai iya kwashe shi, wato tarin da Innarmu ta yi a shekarar da nake ɗauke da cikin fari, da yadda aka yi ya rabu da ita.

A farkon shekarun dubu biyu ne. An kai ni aure Gummi, iyayena kuwa suna wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum. Da cikina ya tsufa sai na fara haɗa ƙunshina, don a wajenmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Ita ce za ta dafa miki ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta karɓi jariri ta koya miki riƙonsa. Ni kuwa tsoron haihuwa nake ji kamar me, abin da kawai ke kwantar min da hankali shi ne ina da Inna. Ana haka sai ga wata maƙwabciyarmu ta zo cin kasuwa, ta biyo ta gidana da saƙo: wai Inna ta ce in yi zamana a ɗakina, kada in zo.

Na yi kuka ranar, na kuma yi fushi. Me na yi wa matar nan? Na tasa maigidana a gaba da mita, har ya gaji ya saka ni a mota ya raka ni.

Lokacin kaka muka isa, tsakar gida cike da dammunan gero. Baba na zaune a zaure. Mutum ne mai barkwanci, wanda ko a gidan makoki sai an harare shi, amma ranar ko murmushi bai yi ba. Ya nuna min bayan rumbu da haɓa. Can na tarar da Inna ta ƙaura ɗan ɗakin da ake ajiye fartanya da buhuna, ta ware kwanonta da moɗarta, tana zaune a bakin ƙofa ita kaɗai. Tana hango ni ta ja gyale ta toshe baki.

"Tsaya nan! Kak ki matso. Wa yac ce ki taho?"

"Inna, mi niy yi maki?"

Kafin ta ba ni amsa tari ya sarƙe ta. Busasshen tari ne, ba majina ba jini, amma sai ya girgiza ta har hawaye sun zubo. Da ya lafa ta ce, "Ba ki yi man komi ba, ɗiyata. Tarin ga na. Tun hwarkon damana shina nan. Irin shi yak kashe yayata, kuma bai tahi da ita ita ɗai ba, sai da yat tahi da jinjirin da taka goyo. Da idona nig gani. Ba ni zama ajalin abin da ag gare ki."

Nan fushina ya tsiyaye. Ashe ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa tarin fuka ne, ta kuma haƙura da taɓa jikanta tun bai zo duniya ba. Baba ya ce ba abin da ba a gwada ba: zuma da citta, kanumfari, saiwoyi, rubutu, maganin kwalba daga kemis. Asibiti ne kawai ta ƙi. Wai in suka gwada suka faɗa, to ta tabbata ke nan.

Ni da Inna halinmu ɗaya, taurin kai ba wanda ya fi wani. Na wuce ta na ɗauki moɗarta, na kamfato ruwa a randa na kai baki. Wallahi ban san tsohuwar nan na da sauran gudu ba sai ranar. Ta yi tsalle ta doke moɗar, ruwa ya wanke mana zannuwa.

"Ke ɗiyag ga, kanki ɗaya kuwa?"

"In ba ki zuwa asibiti, a kwanonki zan ci, a moɗarki zan sha. In tari na, mu yi shi tare."

Ta kalle ni, ta kalli cikina, ta ga da gaske nake. Kashegari muka kamo hanyar Gummi, ta zauna a jikin taga ta leƙa da kanta waje har muka iso, wai kada numfashinta ya zo inda nake.

A asibiti aka sa ta kakaro ɗan kaki da ƙyar, aka karɓa aka ce mu dawo. Da muka koma muka sami wani matashin likita, da jin Hausarsa ka san daga gabas ya zo. Ya duba takardar gwaji, ya sa abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ya ce, "Inna, ba ki da tarin fuka. Ƙirjinki lafiya lau." Ni na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Inna kuwa ko gezau. Ta ce, "To mi ka turnuƙe ni? Ni niƙ ƙirƙiro shi?" Likita ya jawo takarda zai rubuta mata wani maganin.

To Inna na da wata ɗabi'a tun muna yara. Takan sami gashin zabuwa ta fige shi, ta bar ɗan tuntu a tsininsa, ta soke a ɗankwali. In ta gama aiki ko wani abu ya dame ta, sai ta zaro ta sa a kunne tana murzawa a hankali, ta lumshe ido, wani lokaci har barci ya sace ta a zaune. Mun saba da ganin haka har ba ma lura. A gaban likitan nan, da ranta ya ɓaci, hannunta ya tafi ɗankwali da kansa. Tana sa gashin a kunnen dama tari ya taso.

Likita ya ajiye biro. "Inna, ƙara yi in gani."

"Kai ɗan nan, susar kunne ma abin kallo ta?"

Ya lallashe ta ta sa a kunnen hagu, ba abin da ya faru. Ta mayar dama, sai ga tari kamar an kira shi. Ya ɗauko wata 'yar fitila mai tsinin baki ya ce ta juyo. Inna ta dube ni ta ce, yana ji, "Ni da ƙirji niz zo, shi shina leƙen kunne. Anya an gama koya mai aikin ga?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya ya yi har da riƙe tebur.

Ya leƙa, ya daɗe, sannan ya kira wata nas ta kawo ruwan ɗumi da ɗan hantsaki. Duk lokacin da ƙarfen ya taɓa can ciki sai Inna ta yi tari, su dakata. Da ƙyar suka zaro abin suka ɗora a faranti. Guntun tsinin gashin zabuwa ne, bai fi farce tsawo ba, dauɗar kunne ta lulluɓe shi. Ya karye a ciki ba ta sani ba. Da ya dame ta da ƙaiƙayi sai ta ƙara susa, tana ƙara tura shi.

Ban gama mamaki ba Inna ta ce ɗakin na juya mata. Gumi ya karyo mata, jikinta ya saki. Na fasa ihu. Nas ta kwantar da ita ta ɗaga ƙafafunta, likita ya riƙe hannunta yana cewa in kwantar da hankalina, yanzu za ta dawo daidai. Haka kuwa aka yi. Ba a jima ba ta buɗe ido tana tambayar ina gyalenta.

Sannan ya yi mana bayani, kuma na riƙe shi don ranar kunnuwana a buɗe suke. Ya ce akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya da maƙogwaro, ta ratsa ƙirji, ta biya ta zuciya, ta sauka har ciki, kuma tana da ɗan reshe a cikin kunne. A wasu mutane, in abu ya taɓa reshen nan saƙo yakan tafi ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta ɗauka a maƙogwaro abin yake, ta sa a yi tari don a fitar da shi. Ya ce wannan jijiyar dai ita ke sassauta bugun zuciya, shi ya sa jiri ya ɗebi Inna da aka tsokane ta da yawa, wataƙila kuma shi ya sa susar a hankali take sa ta barci. Ya hana ta ƙara sa komai a kunne. Inna ta ce ta ji, da irin muryar da na san rabin ji ne.

Shekaru da yawa bayan haka, yaron da ke cikina a ranar nan ya girma ya shiga makarantar koyon aikin lafiya. Na ba shi labarin, ya ce ai jijiyar sananniya ce, sunanta a bakin likitoci ma'anarsa mai yawo, don yadda take zaga jiki. Ya ce yanzu har akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa mutum a kunne, tana tura ɗan lantarki kaɗan ga reshen nan, saƙon ya hau ƙwaƙwalwa ya taɓa wuraren da ke kula da natsuwa da zafin ciwo. Ana gwada ta ga masu farfaɗiya da ciwon kai da damuwa, wasu na jin sauƙi, ana dai kan bincike. Na ce masa kakarsa ta riga su da gashin zabuwa, ita dai tata na'urar ce ta karye.

A hanyar komawa ƙauye ba na jin hirar kowa a motar, kunnena na kan Inna. Muka wuce gonaki, muka wuce rafi, shiru. Da muka isa gida na nuna wa Baba guntun gashin, don na roƙi nas ta ƙunshe min shi a takarda. Ya juya shi, ya dubi Inna, barkwancinsa ya dawo nan take. "To ai shi ke nan. Zabbin da kinka hige na sunka rama." Ya bi gari yana nuna wa mutane, har maƙwabta suka cika gidan ana ta dariya.

Inna kaɗai ce ba ta yi dariya sosai ba. Ta ƙi dawowa ɗakinta. Ta ce abin da ya kwashe damina guda a ƙirjinta ba zai fita ta kunne a wuni ɗaya ba, laɓewa ya yi. Nakan hango ta a bayan rumbu tana gyaran murya da gangan, ta tsaya tana sauraren kanta. Kwanaki suka yi ta wucewa ba tari, amma in na matso sai ta ja baya.

Naƙuda ta kama ni da asuba, na sauka da hantsi. Ungozomar garinmu, wata tsohuwa da ba ta ɗaukar wargi, ita ce a kaina. Inna na waje tana hura wutar ruwan zafi, ina jin salatinta ta taga. Da yaron ya tsala kuka sai ga inuwarta a bakin ƙofa, ta tsaya, hannuwanta a baya.

Ungozoma ta yanke cibi ta naɗe shi a zane, ta ce, "Ke, shigo ki amshi mijinki. Hannuna biyu na, ga uwa tai ban gama da ita ba."

"In tarin ga yat taso hwa?"

"Yaushe rabonki da shi?"

Inna ta shiga ƙirga kwanaki da yatsu. Ta yi ta tunani, ta kasa tunawa.

"To ko ki amsa, ko in aje shi ƙasa."

Ta shigo a hankali. Ina kwance ina kallonta, na ga ta ja numfashi ta riƙe, ta miƙa hannu ta karɓe shi ta kau da kai gefe. Ta riƙe numfashin nan har idanunta suka firfito. Da ta kasa, ta sake shi. Ta jira. Ba abin da ya zo. Ta ƙara ja, ta ƙara saki. Sai ta juyo da fuskarta, ta ɗago yaron ta sa hancinta a kansa tana shinshina, hawaye na zuba a kan zanen.

"Maigida, ashe zan gan ka. Ashe zan riƙe ka."

Sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa jin guɗa mai tsawon wannan ba, har kaji suka watse a tsakar gida, kuma ta kai ta ƙarshe ba ko sarƙewa. Daga zaure muka jiyo Baba yana cewa, "Wanga maƙogwaro kam ya warke!" Ungozoma ta tuntsire da dariya, ni ma na yi, duk da ciwon da nake ji. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba. Ita ta yi masa wankan fari, ita ta yi min wankan jego har na gama, kuma a ɗakinta muka kwana mu uku tun daga ranar.

Abin nan ya koya min cewa inda ciwo ke kuka ba lallai nan yake zaune ba, don haka ba na ƙara yanke wa kaina ko wani hukunci kafin a duba. Ya kuma koya min abin da ya fi wannan. In wanda na san yana ƙaunata ya ce in yi nesa da shi, ba na zama in yi fushi, tashi nake in je in gani da idona. Da na ji maganar Inna na yi zamana a Gummi, da tana can bayan rumbu ita kaɗai da guntun gashi a kunne, ranar da jikanta ya zo duniya.