Tabkinmu Ba Teku Ba Ne, In Ji Su

Yayana masunci ne. In na faɗi haka a Gure sai a yi dariya, wai masunci a tsakiyar rairayi? To, masunci ne. Ƙauyenmu yana cikin kwari wajen Gidigir, da tabki a gindin dabinai, tun muna yara yake ciyar da mu da tarwaɗa da karfasa. Sai tudun rairayi ya fara gangarowa, ciyawar kacalla kuma ta shaƙe bakin ruwan. Yaya ya tara masunta da matan da ke ƙyafe kifi suka yi ƙungiya. Su kafa shingen kaba a kan tudu don tare rairayi, su shiga ruwa har ƙirji suna saran kacalla da lauje. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su.

Wata ranar kasuwa ya faɗo ɗakina a Gure, inda nake koyarwa, ko takalmi bai cire ba. Wai ya ji a labaran Faransanci na rediyo za a tallafa wa talakawan da ke kare ruwansu da kifinsu da kansu. Faransancinsa bai taka kara ya karya ba, amma ya rantse ya ji an ce "mar". Mar kuwa tabki ke nan.

"Ƙanena, kai ka iya bakinsu. Tashi ka raka ni."

Muka tafi biro, wato ofishin wata ƙungiya da ke haɗa mutanen karkara da masu ba da tallafi, Yaya cikin rigarsa ta Juma'a. Ya yi bayani tiryan-tiryan: suna son waya don shinge, da dashen itatuwa, da injin yankan kacalla. Ma'aikacin da muka tarar ya ɗan duba takardunsa, sai ya tuntsure da dariya har da dukan tebur. Ashe ba "mar" aka ce ba, "mer" aka ce. Teku! Tallafin na mutanen bakin teku ne. Bai tsaya nan ba, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira: "Zo ka ga masu teku daga Gidigir!"

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mene ne bambancin?"

"Teku babba ne, baba. Ruwansa da gishiri."

"Namu ma da kanwa. Ka zo ka ɗanɗana."

Suka sake kwashewa. Wallahi har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Kunne ne ya yi kuskure, to sai me? Mutumin da matsattsaku suka tsotse wa ƙafafu saboda ruwan gari, shi za a mai da abin dariya? Ban ƙi a taimaki na bakin teku ba, Allah ya ƙara musu. Amma haba, a ce ruwa sai ya yi girman da jirgi zai bi kansa kafin a san yana da masu shi? Na buɗe baki zan yi musu tas, Yaya ya dafa mini gwiwa. Aka sallame mu da cewa in na tabki ya fito za a neme mu, alhali ko sunan ƙauyen ba a tambaya ba.

Su Yaya suka ci gaba da kaba da lauje. Iska ta kwashe shinge su mai da, ta sake kwashewa su sake mai da, har hannuwa suka gaji. Ruwa ya ja baya, kifi ya ƙanƙance, matan suka daina hura wutar ƙyafi. Yaya ya naɗe komarsa ta kamun kifi ya rataye, ya hau mota zuwa Kwatano da ke bakin teku, inda wani ɗan garinmu ya samo masa dakon kwandunan kifi. Mutum da furfurarsa!

Da ya kira ni a waya ina jin rugugin ruwa a bayansa. Na ce, "Yaya, ka dai ga tekun?"

"Na gan shi."

"Yaya yake?"

Ya ce, "Akwai kifi, ƙanena, ba a magana. Amma ko ɗaya babu nawa."