Yashin da Na Soya wa Don Casimiro

Shekara arba'in da ɗaya Don Casimiro Olivas ya yi yana gyaran salansa a rumfarsa da ke bayan cocinmu. Gajere ne, kunnensa na hagu ba ya ji, shi ya sa in zai saurari inji sai ya karkata kai kamar kazar da ta hango shaho. Bai taɓa aure ba. Yakan ce surutun injuna ya ishe shi.

Mijina Anselmo, Allah ya ji ƙansa, ya bar mini tsohuwar a-kori-kura shuɗiya. Tun kafin mu haihu ita ke ɗaukar mutum-mutumin waliyyinmu San Isidro ranar zagayen gonaki a watan Mayu. Bara injinta ya mutu. Don Casimiro ya samo mata wani babba mai silinda takwas, ya zauna daram, amma bututan da ke kwashe hayaƙi daga jikinsa suka ƙi shiga. A gefen direba sandar sitiyari ce ta tokare su. Saura kwana shida biki.

Sai ga Braulio, ƙanin marigayi, a sabuwar motarsa.

"Matar yaya, ki haƙura," in ji shi. "Waliyyi ma yana son jin daɗi. Bana a tawa zai hau."

Na kalli a-kori-kurar. Na san in ya hau tasa sau ɗaya, ta Anselmo ta sauka ke nan.

Don Casimiro ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Me yaron nan ya ce?"

"Na ce aikin ya fi ƙarfinka, tsoho!"

"To zagayo ta hagu ka faɗa. Shi ne kunnen da na ware wa maganar banza."

Ranar ya fara lanƙwasa waya, yana zura ta tsakanin inji da sitiyari har ya sami hanyar da kowane bututu zai bi, kamar yadda nake yanka takarda kafin in taɓa yadi. Shi ba ya lanƙwasa bututu wofi. Sai ya ɗura masa yashi, ya toshe bakin da katako, ya gasa shi ya yi ja, sannan ya karkata shi a hankali don kada ya lotse. Amma in yashin na da danshi, tururi zai fasa ƙarfen a fuskar mutum. Ga shi an kwana biyu ana ruwa, yashin rafi jagab.

"Donya Eulalia," ya ce, yana murza hularsa, "kin iya soya yashi?"

Na ɗora babban kaskon da nake gasa barkono. Kwana uku ina juyawa ina addu'a. Maƙwabciyata Tomasa ta leƙo ta katanga ta ce, "Eulalia, abin har ya kai haka? Zo ki ɗebi wake mana!"

Kowane kasko na kai masa, sai ya cire tabarau ya riƙe a samansa. In gilashin ya yi hazo, ya miƙo mini. "Bai nuna ba." Sau huɗu ya mayar da ni.

Safiyar biki ya ɗaure noti na ƙarshe. Tsakanin bututu da sitiyari yatsana ɗaya ne ke wucewa, na gwada da kaina. Fada, limamin cocinmu, ya fito da ruwan albarka, jama'a sun kewaye mu, Braulio na tsaye a bayan motar da takalmansa masu ƙyalli.

Don Casimiro ya murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya ɗauka da wani gurnani da na ji har cikin ƙirjina, sannan ya feso ragowar yashina kaf a kan takalman Braulio. Har Fada sai da ya rufe baki da hannun riga.

Don Casimiro kuwa bai yi dariya ba. Ya karkata kai, ya lumshe ido.

"Duk takwas suna numfashi," ya ce. "A ɗora waliyyi."

Braulio ya karkaɗe ƙafa, ya kama gefe ɗaya na mutum-mutumin da hannunsa. Na shiga gaba, inda na saba zama.