Hutun Kawu Mamman Kuku a Tsakiyar Mariga

Duk wanda ya tashi a Tsohon Birnin Gwari zamanin Turawa ya san alamar rani biyu ce. Ruwan kogin Mariga ya ja baya, sai kuma Kawu Mamman Kuku ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗora kujerarsa ta tamfol a ka, ya ratsa tsakiyar gari. In ka ce, "Malam Mamman, sai ina?" amsa ɗaya ce: "Hutu."

Ku da kuka san shi kun san ba ya faɗin magana yana dariya. Yayan mahaifiyata ne, a hannun matarsa Inna Ladi na girma, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi, in ban da na Ikko.

Ikkon kuwa ita ce tushen abin. Kawu ya daɗe yana dafa wa wani Baturen gandun daji abinci. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya tafi da shi har Ikko, bakin teku, kafin jirgi ya iso suka shiga kwalekwale zuwa wani ɗan tsibiri. A nan Bature ya buɗe kujera, ya fuskanci ruwa, ya zauna. Kawu ya tsaya a bayansa riƙe da tire har ƙafa ta gaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, me ake jira?" Bature ya ce ba a jiran komai.

"Ba a jiran komai!" Haka Kawu yake maimaita mana a tsakar gida. "Ladi, ruwa ne ba gaɓar can. Yashi fari fat kamar garin tuwo, iska tana kaɗa itatuwan kwakwa. Ba kukan jaki, ba ƙarar daka, ba mai cewa ana sallama da kai. Ruwan ya zo ya taɓa maka ƙafa ya koma, bai roƙe ka komai ba. Kuma duk gishiri ne."

Inna ta ɗago kai daga tankaɗe. "Duk gishiri? Malam, ka je har inda gishiri yake kyauta, ka dawo mini da kujera?"

Teku dai ta yi nisa, sai Kawu ya nemi abin da ya fi kusa. A ƙasan mashaya akwai wani tudun yashi a tsakiyar kogi, da giyayya ɗaya a kai, ba ya fitowa sosai sai da rani. Shi ne tsibirinsa. Abin da bawan Allahn nan yake nema a duniya bai wuce a bar shi ya zauna shiru daga hantsi zuwa la'asar ba. Mu kuwa mutanen garin nan, Allah ya yafe mana, ba mu taɓa ganin lafiyayyen magidanci ya zauna shi kaɗai ba dalili ba.

Mai unguwa ne ya fara haurawa, ya tattare babbar riga a wuya, dattawa suna bin sa.

"Malam Mamman, zaman aure sai haƙuri. Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"Mun sani, kai mai rufin asiri ne. To me kake jira a nan?"

"Ba a jiran komai."

Dattawa suka dubi juna, suka ce abin ya yi tsanani. Suka wuto gida da jiƙaƙƙen wando suka sa Inna a gaba sai ta ba da haƙuri. Da Kawu ya dawo ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ya ce ya yafe. Ta ce, "To yanzu sai a gaya mini laifin." Ya ce, "Sun hana ni hutawa. In na huta zan tuno."

Rani na gaba aka ce ai halwa yake yi, ya keɓe ne yana ibada. Wani makiyayi, Jaɓɓi, ya koro saniyarsa mai zawo har cikin tsibirin, ga ƙwaryar nono a hannu.

"Modibbo, a tofa mata."

"Ni ba modibbo ba ne. Kuku ne. Miya na sani da burodi."

"Haka manya suke cewa."

Don ya samu a tafi, Kawu ya ce Allah ya ba ta lafiya. Kai, saniyar nan ta tashi garau! Kawu ya ce tun da yake bai taɓa ganin dabba marar tausayi irinta ba. Kafin ka ce me, masu ciwon baya, masu neman haihuwa da masu jakin da ya ɓata sun cika gaɓa, har wata ta kafa kaskon ƙosai.

Na zinari ne ya kusa ƙarasa shi. Kun san ƙasarmu, Turawa sun haƙi zinari a dazukan nan, kuma har a lokacin ba a rasa mai wanke yashi a ƙwarya ko Allah zai sa a dace. Wani mahaƙi, Ɗanjuma Dogo, ya zauna ya yi tunani ya ce: mutumin nan da Turawa ya zauna, Bature kuwa ba ya ajiye kujera a banza. Inda ya ajiye, akwai abu a ƙasa.

Ina gida a lokacin, an sallamo mu daga makarantar kwana ta 'yan mata. Dogo ya tare ni a hanyar rafi. "Ke 'yar boko, wai mene ne hutun nan?" Na ce iyakar sanina shi ne a sallame ki daga makaranta ki zo gida ki yi ta daka. Ya ce, "Kin gani! Shi kuwa ba ya daka."

Washegari suka haura da diga da ƙore. Cikin ladabi suka ce, "Baba, ɗan ɗaga." Kawu ya ɗaga kujera ya koma gefe, suka haƙa inda ya tashi. Da suka ga ya zauna a sabon wuri sai suka ce ashe can ne. "Baba, ɗan ɗaga." Haka aka yi ta yi, yana matsawa suna bin sa, har tsibiri ya zama rami-rami, ruwa yana shiga yana cinye yashin. Ya rantse musu ba komai a wurin. Suka ce wanda ya san inda abu yake ai dole ya rantse. A ƙarshe ba abin da ya rage sai ɗan gindin giyayya.

Ranar ya dawo bai ci tuwo ba. Ya jingine kujera a zaure ya ce, "Gobe za su tone giyayyar. Shi ke nan." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Inna ta ci gaba da kwashe tuwonta.

Da hantsi ta yafa mayafi ta ce in ɗauko akushi in biyo ta. Matar da ba ta wuce rijiyar unguwa, sai ga ta tsamo-tsamo a cikin Mariga. Muka tarar da Kawu a kujera, Dogo yana tsaye a kansa da diga.

"Kai Dogo, matso nan," in ji Inna. Ta zame ɗankwali kaɗan ta nuna masa kunnenta. "Me ka gani?"

"Tsinke, Inna."

"Tsinken tsintsiya! Shi nake sawa kada hudar ta toshe. Tun ba a haife ka ba nake auren mutumin nan. Da ya san inda zinari yake, da tsinke za ka gani? Ba waliyyi ba ne, ba fushi yake ba, ba abin da ya binne. Lalaci ne! Ƙiwuya ce ta yi masa katutu, yake gudo nan kada in ce ya gyara mini danga!"

Dogo ya sauke diga. Sai wani ya ce, "Af! To ai sai a faɗa tun farko." Wannan kam dalili ne da kowa ya gane. Suka kwashe ƙorensu suna tsaki, mai ƙosai ma ta sauke kasko.

Kawu ya dubi Inna. "Ladi, kin zubar mini da mutunci a gaban gari."

"Na zubar."

"Allah ya yi miki albarka."

Tana ta haki, zaninta yana ɗiga. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya ce ta zauna. Ta ce ita ta bar wake a wuta. Ya ce waken ya san hanya. Ta zauna a ɗarare, hannuwanta a kan cinya, suna motsi kamar masu neman abin tsinta. Sai a ranar na lura ban taɓa ganin hannun Inna ba komai a ciki ba.

"To, na zauna. Yanzu me ake jira?"

"Ba a jiran komai."

Ruwa yana wucewa, iska tana kaɗa giyayya. Can sai na ga kafaɗunta sun sauka. Wake dai ya ƙone, muka sha gari.

Daga ranar har ya bar duniya sunansa Mamman Malalaci, bai kuma taɓa musawa ba, don ba wanda ya ƙara haura masa. Kujerar ma ba ta ƙara zama tasa ba. Su biyu suke tafiya, shi ya ɗauka, ita ta zauna, shi yana kan yashi yana ba ta labarin tekun da ba ta taɓa gani ba.

Da damina ya rasu, tsibirin yana ƙarƙashin ruwa. Da rani ya shigo Inna ta ce in ɗauko mata kujerar. Muka haura, ta zauna ta fuskanci ruwa. Don in sa ta dariya na ce, "Inna, me ake jira?"

Ta bi ruwan da kallo. Sannan ta ce, "Yanzu kam ana jira, 'yar nan."

Ba ta jira da yawa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan Inna, ya yafe musu kurakuransu, ya zaunar da su tare a inuwar da ruwa ke gudana a ƙarƙashinta, inda ba mai ce musu su ɗan ɗaga. Amin.