Motar Ƙaro

A shekarun da kuɗin fetur suka malalo ƙasar nan, ni tukwane nake zubawa. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka na lashi wani abu a cikin daular. Waɗanda muka yi firamare tare, da ma ni a aji biyar na tsaya, wasu sun zama 'yan kwangila, wasu masinjoji masu sabon babur. Ni kau ina bayan kasuwa a rumfar Kawu, ƙanen mahaifiyata, fuskata duk baƙin gawayi.

Aikin ba shi da wuya in ka iya. Akwatin katako ne mai hawa biyu. Ka kifa tsohuwar tukunya a ciki, ka danna yashi mai ɗan laima har ya kama, ka barbaɗa toka a tsakani don kada sama ya manne da ƙasa, sannan ka zare tukunyar ka rufe. Ramin da ta bari, shi ne sabuwar tukunya. Sai a narka tsofaffin fistin na mota da ɓallayen inji a zuba ta ƙofar sama. Ba mu taɓa rasa abin narkawa ba, don a lokacin mutane na sayen mota kafin su iya tuƙi.

Motoci sun shigo Katsina kamar fara. Lungunan Gobarau da aka yi domin jaki, sai ka ga mota ta cusa kai ta kasa fita, mai ita na ta zufa cikin babbar riga. Da la'asar nakan tsaya bakin titi in ga hasumiyar Gobarau tana wucewa a jikin gilasansu, ta lanƙwashe, ta miƙe, ta faɗa cikin wata motar ta bi ta. Ban taɓa sha'awar tuƙi ba. Siffar nake so. Da na ga mota sai in ji hannuna yana laluben inda za a raba ta biyu a cikin yashi.

Wata safiya Kawu ya aike ni GRA da tukwane uku, in kai wa kukun wani Bature injiniyan hanya. Ban tarar da kukun ba. Na zagayo ta gaba ina sallama, sai ga Baturen zaune a baranda yana motsa wani abu a ɗan kofi da tsinke. A gabansa akwai wata 'yar mota, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, kuma ana ganin katakon tebur ta cikinta. Kamar an ce wa ruwa tsaya, ya tsaya. Na yi tsaye da tukwane a ka har wuyana ya ƙage.

Ya yafito ni. Da guntun Turancina da guntuwar Hausarsa muka fahimci juna. Ya nuna mani mazubinsa na roba, yana buɗewa kamar bakin kwaɗo. Ya haɗa ruwa iri biyu daga gwangwani biyu, masu wari mai hawa kai, ya tsiyaya a hankali ta gefe don kada iska ta maƙale. Ya ce gobe war haka ya zama dutse. Babu wuta, babu zuga, babu hayaƙi. Na tambaye shi inda ake sayen ruwan, ya ɗaga yatsa sama, wai a jirgi ake kawo mashi. Da zan tafi ya ba ni wata 'yar motar ƙarfe da fentinta ya goge, ya ce in gwada da abin da nake da shi.

Abin da nake da shi yashi ne. Na zuba ta da alminiyum sau biyu, ta fito kamar kunkuru mai ƙyasbi. Yashi ba ya riƙe hannun ƙofa da idon fitila. Sai na koma ga kakin zuma. Na shafe motar da man gyaɗa, na nutsa rabinta cikin yumɓu, na zuba narkakken kaki a kai. Da ya daskare na juya, na cire yumɓun, na sake shafa mai, na zuba ɗaya rabin. Da na raba su, har ɗan layin da ke tsakanin ƙofa da ƙofa ya fito. Mazubi ya samu. Saura abin zubawa.

A hanyar makabarta na gan shi, a jikin wata bishiyar dakwara. Ƙaro ne ya tsattsafo ya daskare, rana ta shiga cikinsa ta zauna. Na daɗe ina kallo. Washegari na bi matan ƙauye da ke kawo shi kasuwa, ina tsintar mafi haske ɗaya bayan ɗaya, har wata ta ce, "Samari, ƙaro kake saye ko mata kake zaɓe?" Na daka, na jiƙa, na tace da tsohon kallabin Inna, na shanya shi ya yi kauri kamar zuma. Ba a zuba shi gaba ɗaya, tsagewa yake. Kullum da safe sai in ɗiga kaɗan da gashin kaza, in bar zafin bazara ya sha ruwansa, gobe in ƙara. Ta farko ta tsage. Ta biyu ta cika da kumfa. Ta uku ta ci mani fiye da wata guda.

Kawu yana kallona ta wutsiyar ido.

"Kai ɗan nan, in ka gama wannan sai me? Miyar kuka za ka zuba?"

"Kawu, mota ce."

"Mota? Mu dai tun kakanninmu ba mu zuba abin da akuya za ta iya lashewa. Zo ka kama mani zuga, injiniya."

Ranar da na buɗe mazubin, shi ma sai da ya ajiye guduma. Motar ta fito launin shayin da ba a sa wa madara ba. Na ɗaga ta a ƙofar rumfa, kasuwa duk ta shige cikinta: masu tallan fura, buhunan gero, wani raƙumi da ke durƙushe, kowa na tafiya a hankali kamar a ƙarƙashin kogi. In na juya ta, haske ya zubo a kan yashi ya yi ɗan tafki mai ruwan zinariya. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Kawu ya karɓa, ya juya ta, ya danna da farce bai shiga ba. Bai ce ta yi kyau ba, bai taɓa faɗin haka a kan komai ba. Ya ce, "Hm." Ya miƙo mani da hannu biyu.

A makon ne wani Alhaji ya zo sayen manyan tukwane na dafa wa leburorinsa. Yana gina wurin sayar da motoci a hanyar Kano. Ya hango ta a kan akwati.

"Maƙeri, wannan daga ina? Daga Ingila?"

"Daga gindin dakwara dai, Alhaji," in ji Kawu. "Ɗan ƙanwata ne... a'a, ɗan yayata, ga shi nan. Shi ya ɓata wata guda a kanta."

Alhaji ya kanga ta a ido ya dubi rana, ya yi dariya kamar yaro. Sannan ya ce da ni, "Kamfanin da ke ba ni motoci sun ba ni gurbin mutum ɗaya, a tura shi Kaduna ya koyi zuba kayan mota. Mutum ɗaya tak. Yanzu wurina duk siminti ne da lebura, kar ta fashe. Ka ajiye mani ita. Ranar da motocina suka iso za a buɗe, mutanen kamfani za su zo, ka kawo ta a ɗora a teburina su ga hannunka. Daga nan gurbin naka ne."

Bayan ya tafi na dubi Kawu. Ya ce, "Me kake kallona? Ni na ɗaure ka?"

To, ina za a ajiye ta? Nan ne tunanin maƙeri ya yi aikinsa. Mu a sana'armu, abin da aka zuba ya daskare ya gama, wuta kaɗai ke mayar da shi ruwa. Tukunya ta shekara cikin rijiya ba abin da zai same ta. Ga shi kuma washegari na mance mazubin kakin a rana, na dawo na tarar ya kwanta kamar man shanu, ya tashi daga aiki. Sai tsoron zafi ya cika mani ciki. Ni da hannuna na jiƙa ƙaron nan da ruwa, amma ko sau ɗaya ban tuna ba.

Na ce da Inna, "Ina ne ya fi ko'ina sanyi a gidan nan?"

"Gindin randa mana. Nan nake ajiye gorona, ka taɓa ganin ya bushe?"

Na naɗe motar a farin ƙyalle, na sa a 'yar tukunyar ƙasa, na tona jiƙaƙƙen yashin da ke gefen randa na binne ta zuwa wuya, na rufe da faifai na ɗora dutse. Inna ta ce kada in riƙa buɗewa, idon mutane da bakinsu ba su da kyau a kan abin da ake jira. Na ce ko ni ba zan sake kallonta ba sai ranar.

Motocin Alhaji ba su iso ba. Aka ce jiragen ruwa sun yi cunkoso a Legas, kaya na kan teku suna jiran layi. Bazara ta wuce, hadari ya haɗo daga gabas, damina ta sauka. Ban taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba, shi ya sa har yau nake jin haushinta. In ruwa ya tsare mu a rumfa, sai in jingina da buhun gawayi ina jin kwanon rufi na amsawa, in tafi Kaduna. Ban taɓa zuwa ba, saboda haka na gina ta yadda nake so. Wani ɗaki mai tsawon unguwa guda, mazubai jere kamar sahun Idi, ana tsiyaya motoci manya masu haske, suna fitowa a jiƙe suna ɗiga, ni ina tafe a tsakaninsu da farar riga ina ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa. Wani lokaci har in ga jiragen nan a kan teku, motocin na barci a cikinsu suna lilo. Kullum in na zo shan ruwa a gida sai in taɓa dutsen da ƙafa, in ji sanyi, hankalina ya kwanta. Inna ma takan ƙara yayyafa wa yashin ruwa saboda ni.

Sai da gero ya fara fitar da kai saƙo ya zo: gobe da hantsi. Na yi wanka, na sa rigar Sallah, na durƙusa gindin randa na ɗaga dutsen.

Ƙyallen ya manne. Na ɓanɓare shi a hankali, yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa. Rufin motar ya zauna a kan kujeru, tayoyin sun baje, gaba da baya sun zama ɗaya. Curi ne kawai, mai laushi kamar alewar da ta kwana a aljihu, da ƙananan tururuwa uku a ciki sun mutu a tsaye. Ta gefe ɗaya idon fitila guda ya rage, yana kallona.

Inna ta dafa bango. "Wayyo ni. Ni na ce maka nan."

"Ba ke ba ce, Inna. Ni na tambayi sanyi."

Duk da haka na tafi. Ban san me nake tsammani ba. An jera motoci sababbi, an ɗaura masu ƙyallaye, ga Turawa biyu da wani mai kwat suna shan lemo. Alhaji na zaune da malaminsa, wani tsoho da aka ɗauko ya yi wa wurin addu'a. Na durƙusa.

"Alhaji, barka da hantsi. An tashi lafiya? Ya iyali? Ya hidima? Allah ya sa alheri, Allah ya kawo kasuwa."

"Amin, amin, lafiya lau. Ya Kawun naka? Ya ruwa? Madalla. Ina motata?"

Na buɗe ƙyallen. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Wannan fa? Hatsari ta yi?"

Wani ya yi dariya a bayana. Na faɗi inda na ajiye ta. Malamin ya miƙo hannu ya karɓa, ya sansana.

"Ai ƙaro ne. Ɗana, ƙaro a gindin randa? Ko mai wankin hula ya san ƙaro da laima ba su zama wuri ɗaya. Da a saman rumbu ka rataye ta, ko kusa da murhu."

Kusa da murhu. Wurin da na fi gudu.

Na ce, "Alhaji, a ba ni lokaci in sake wata."

"Kwana nawa?"

"Sai iska ta bushe. Bayan kaka."

"Bayan kaka? Mutanen nan jibi za su koma, da suna a hannunsu. Me zan nuna masu, wannan?" Ya juya kai gefe, ba don mugunta ba, hankalinsa ya riga ya koma kan baƙinsa. "Allah bai nufa ba. Ka gaida Kawunka."

Na miƙe zan tafi, malamin ya ce, "In ba ka da bukatarsa ka bar mani. Tawadata ta yi ruwa, kuma wannan tatacce ne, ban taɓa ganin mai tsabta irinsa ba." Na ce ya riƙe. Ya cire tururuwan da farce, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya sa mani albarka.

Gurbin, ɗan ƙanen matar Alhaji aka ba, wanda bai taɓa riƙe ko awartaki ba. Ranar Asabar aka kai shi tasha da akwati sabo. Bayan wata biyu ya dawo, wai zafin wuta ya yi mashi yawa.