Tayar Gaba ta Dama

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa na rasa aikin tuƙi, kuma taya ce sanadi.

Motar ta wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a Dutse, tsohuwar tasi mai dogon baya. Ina lodi daga Dutse zuwa Jahun, wani lokaci in zarce Miga. Na daɗe da ita, tun farkon zaman Dutse babban birnin jiha.

Sai ta fara cin tayar gaba ta dama. Gefen ciki kawai. A saka sabuwa, ba a jima ba zare ya leƙo. Ta hagu kuwa tana nan lafiya lau.

Mai faci ya ce iska ce. Na ce masa ƙarancin iska gefe biyu yake ci, yawanta kuma tsakiya. Wannan gefe ɗaya ne. Na kai gareji, aka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, aka daidaita ƙafafun. Ta ci gaba da ci. Aka canza tayarod, aka canza shokazoba. Duk a banza. 'Yan tasha suka ce sammu ne, na sha rubutu. Na zama duk inda na tsaya sai na sauko na shafa tayar nan, fasinja suna tsaki. Ko a sahun salla nake, hankalina yana ƙarƙashin mota.

Ran nan Alhaji ya kira ni ƙofar shagonsa.

"Direba, ni dai sabuwar taya nake saya. Ina take zuwa?"

"Titi take zuwa, Alhaji."

"Kai kaɗai ke bin titin? Na ji ana cewa wasu direbobi musanyen taya suke yi."

Lokacin ko'ina maganar yanke hannu ake yi, a tasha, a majalisa, a rediyo. Bai kira ni ɓarawo ba. Hannuna kawai ya kalla.

"Wannan ce ta ƙarshe. In ta cinye, ka ajiye min makulli."

Ban iya wani aiki ba. Ban yi boko ba, shanun gidanmu kuma tun ina yaro suka ƙare.

A Jahun akwai wani tsohon bakanike da muke ce wa Baba. Babarbare ne, ni kuma Bafulatani, don haka ba ya gaishe ni sai da tsiya. Na kai masa motar, ya tsuguna, ya bi tayar da tafin hannu.

"In ƙafa ce ta karkace, cin sumul yake fita, kamar an goge," in ji shi. "Wannan gatsa ce. Wani abu ne ke cizon ta."

Ya ɗaga motar da jak, ya girgiza ƙafar, ya leƙa ƙasa. Babu abin da ke motsi.

"Motar ba ta da ciwo. Tashe ta mu je."

Ya zauna a gaba, muka kama hanyar Kiyawa. Kwaltar siririya ce a lokacin, gefenta duk ya gutsure. Wata babbar mota ta ɓullo can nesa, na sauke ƙafar motar ta dama daga kwalta. Ta wuce, na hau. Wani mai babur ya taho, na sake sauka. Can kuma na sauka alhali babu kowa sai mai keke.

"Kai Bafillace, tuƙi kake yi ko kiwo? Saniya ce da za ka bi da ita gefen hanya tana cin ciyawa?"

"Hanya nake ba su, Baba."

"Mai keken? Ai ko raƙumi biyu sun wuce ta nan. Tsaya."

Na tsaya, muka sauko. Ya nuna min bakin kwaltar, da kaifi kamar fasasshiyar tukunya. Duk saukar da na yi, duk hawa, nan gefen cikin tayar ke gurza. Bugun kuma yana ɓata daidaiton da aka yi a gareji.

Na ce to, zan daina sauka.

Ya matsa baya kaɗan, ya ce, "Rufe idonka na dama."

Na rufe da tafin hannu. Ya ɗaga nasa hannun.

"Yatsu nawa?"

Ban ga yatsu ba. Baban ma kamar a cikin ruwan koko yake tsaye.

Ina yaron mota babbar motarmu ta taɓa kifewa da lodin gyaɗa. Direban bai fita ba, ni na fita da ɓarɓashin gilashi a idon hagu. Aka wanke, ya warke, na manta. Ashe a hankali idon yake tafiya, na dama yana ɗauke masa aiki. Ta hagu motoci ke tahowa. Na daina iya auna su, hannuna ya riƙa gudu da motar zuwa dama, ni ban sani ba.

"Zan gaya wa Alhaji ba ka ɗauki komai nasa ba," in ji Baba. "Amma in ya tambayi dalili, ba zan ɓoye ba."

"In ka yi shiru fa? Ina da yara, Baba."

"Yau taya ce. Gobe mutane ne cike da mota, har da awakinsu."

Wannan karon bai tsokane ni ba. Na juya motar muka koma Jahun.

A asibiti suka ce an makara. Alhaji ya nemi gafarata a gaban mutane, ya ba ni buhun gero, ya karɓi makullinsa.

Yanzu ina Jahun, gindin wata darbejiya kusa da tasha, ina faci. In aka kawo min tayar da ta ci gefe ɗaya, nakan shafa ta, sannan in tambayi direban hanyar da yake bi.