Tsinken Tsintsiyar Kawu

Jiya na shafa ganyen tumatir, ƙanshinsa ya kama mini hannu, sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Da ya bar aikin kamfanin roba a Sharaɗa, ya kafa 'yar rumfar leda da raga a bayan gida, ya cika ta da tumatir da na'ana'a da ɗoɗɗoya. Da bazara yakan naɗe ledar gefe ya rataye jiƙaƙƙun buhuna, iska ta ratso da sanyinta.

Wata safiya na tarar da shi a tsugune, yana karkaɗa furannin tumatir da tsinken tsintsiya.

Na ce, "Kawu, me kuke yi haka?"

Ya ce, "Raga ta hana ƙudan zuma shigowa, ɗan nan. In ba a girgiza furen ba, ba zai yi 'ya'ya ba. Zo in nuna maka."

Motar ma'aikata tana jirana a bakin titi, na ce masa sai na taso. Maganar da ba mu sake yi ba ke nan.

Bana babu Kawu. Mun yi ta ban ruwa, ganye ya yi shar, amma furanni sai su fito su kakkaɓe. Yau na zari tsinke na tsuguna a inda yake tsugunawa. Ban san ko a hankali ake taɓawa ko da ƙarfi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah Ya sanyaya masa makwanci, yadda ya sanyaya wa shukokin nan zafin rana.