Soket ɗin da Baba Makanike ya ba da aro

Kafin in buɗe shagon ɗinkina, Baba Makanike ya riga ya share rumfarsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba, yana goge kowace da tsumma. Haka na san shi tun ina sabon tela. Yanzu hannunsa ya fara rawa, likita ya ce ya huta, ƙarshen watan nan zai rufe rumfa. Na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Kowa ya san makanike gara ya ara maka rigarsa da ya ara maka kayan aikinsa. Shi ya sa abin da na gani da idona bai taɓa fita raina ba.

Wani matashi da ake kira Dogo ya buɗe rumfar gyara a tsallaken titi, daidai gaban ta Baba. Ga iyali, ga ƙarancin kayan aiki. A makonsa na farko shugaban masu baburan haya ya kawo masa nasa babur don a gwada aikinsa. Notin tayar baya ya ci tsatsa, ya ƙi motsi. Sifanar Dogo sai zamewa take, har ta fara cinye gefen notin, masu babur kuma sun zagaye shi suna dariya. In ya ɓata notin nan, sunansa ya mutu a layin tun bai fara ba.

Ya ce zai zagaya, ya biyo ta bayan shagona gumi sharkaf, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, don Allah a taimaka min da soket. Notin nan ya fi ƙarfina."

Ƙanin Baba, mai sayar da kayan gyara, ya yi tsaki. "Yaya, mutumin da ya zo raba ka da abincinka?"

Baba bai ko dube shi ba. Ya ɗauko soket, wato sifanar da ke rufe kan noti gaba ɗaya, da guntun bututun ƙarfe, ya naɗe su a tsumma.

"Ɗana, zuba masa kalanzir, ka bar shi ya sha. Ka ɗan bubbuga shi, ka zura bututun a hannun soket ɗin, ka danna a hankali. Kada ka yi fushi da shi."

"Ko za ka zo ka duba min, Baba?"

"In na tsallaka, ni za a ce na kwance. Koma ta inda ka fito."

Daga bakin ƙofata na ji ƙarar notin lokacin da ya saki. Dariya ta koma tafi. Tun daga ranar masu baburan haya suka koma wurin Dogo, rumfar Baba kuma ta yi sanyi. Ni abin ya ƙona min rai, wallahi. Bayan an kwana biyu na ce masa, "Baba, da hannunka fa ka miƙa wa Dogo masu cinikinka."

Ya ci gaba da goge sifanarsa. "Na sani, Tela. Amma yaron nan ya koma gida da mutuncinsa."

Kai ne, Baba, mai rufa asirin wanda ya zo gasa da kai. Ka san abin da za ka rasa, kuma ba ka yi jinkiri ba. Ba ka taɓa ba da labarin ba, ko sau ɗaya. Dogo ne da kansa ya ce in rubuta, yana share ido da bayan hannu.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya hutar da hannuwan nan. Mu kuma da muka rage a layi, duk ranar da wani ya biyo ta bayan shago kansa a ƙasa, mu ba shi abin da ya zo nema, mu kama bakinmu.